Ina badalar da muka hau muna yara?

Dattijon_Mandawari:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar. Jikana ne ya dawo daga makaranta da aikin gida, an ce su rubuta abin da suka sani game da ganuwar Kano. Na ce masa ajiye littafin, gobe zan kai ka ka gani da idonka. Muka bi titin tsohuwar jami'a, tsakanin Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya, inda muka yi ƙuruciya muna hawa badala, wato ganuwar, da la'asar sakaliya, muna hango gonaki da kududdufai har iya ganin ido. Wallahi sai da na yi ta raba ido kafin na sami ɗan tsibin ƙasar da zan nuna masa, shi ma an jingina masa shago, ɗaya gefen kuma juji ne. Yaron ya dube ni ya ce, "Kaka, wannan ce ganuwar?" Ban iya ce masa komai ba.

Ni dai ra'ayina, ba ruwan sama ne ya cinye badala ba, mu muka cinye ta. Shekara ɗaruruwa damina na dukanta tana nan tsaye, sai a zamaninmu ta narke? Ina so in ji daga gare ku. Me kuka gani da idonku a garin nan wanda yanzu babu shi? Kuma laifin wa?

Uwar_Khalifa:
Wa alaikumus salam Baba. Ka taɓo mana inda yake mana ƙaiƙayi. Mu ma a kanta muka tashi, ta wajen Ƙofar Wambai. Idan an aike mu, sai mun hau mun gangaro sannan mu wuce. Yanzu 'ya'yana sun ɗauka Ƙofar Wambai sunan kasuwa ne kawai.

Malam_Almajirin_Tarihi:
Allah ya ƙara girma, Dattijo. Bari in ɗan sa mana harsashi kafin muhawara ta yi nisa. Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, kuma bai gama ba ya rasu, waɗanda suka biyo baya suka ƙarasa. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki a farkon ƙarni na 17. Shi ya sa ba zobe ɗaya ba ce, gari na girma ana tura ta gaba. Kuma ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Da gangan aka bar fili mai yawa a ciki, gonaki da wurin kiwo da ruwa, domin idan abokan gaba sun yi wa birni ƙawanya mutane su sami abin ci. Baturen nan Barth da ya zo a 1851 ya ga waɗannan filayen. Lokacin da Turawan Ingila suka zo a 1903, sun rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50 a wasu wuraren, kaurin gindinta kuma wajen ƙafa 40. Ku auna wannan da ɗan tsibin da aka nuna wa jikan Dattijo.

Sadauki_04:
Ƙafa 50?! Malam anya? Wannan ai ya fi bene hawa uku.

Malam_Almajirin_Tarihi:
@Sadauki_04 haka suka rubuta, kuma su da suka zo yaƙi ba su da dalilin yabonta banza. Ka tuna akwai rami a bayanta, wanda daga nan aka haƙi ƙasar. Wanda ya tsaya a cikin ramin ya ɗaga kai, abin da zai gani ya fi haka ma.

Bakano_Na_Asali:
Ƙofofi goma sha uku: Nassarawa, Mata, Wambai, Mazugal, Ruwa, Dawanau, Waika, Kansakali, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan Agundi. Duk wanda bai iya jero su ba kada ya ce shi ɗan birni ne.

Hajiya_Maman_Yara:
Ka manta Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo, ɗana. Goma sha biyar ne.

Bakano_Na_Asali:
Ban manta ba Hajiya. Waɗannan biyun bayan zuwan Turawa aka fasa su, shi ya sa na ware su. Sunansu ma ya nuna. Amma kin yi gaskiya, a lissafin yau goma sha biyar ne.

Magini_Ɗan_Gado:
Salamu alaikum. Ni gini na gada, kakana da mahaifina duk da ƙasa suka yi aiki, ni ne na koma bulo saboda shi ake nema. Baba Dattijo, maganarka gaskiya ce amma rabi ce. Ruwa ne yake cin ginin ƙasa, kullum, ko a da ma. Bambancin shi ne a da ana mayar da abin da ya ci. Ginin ƙasa kamar dabba yake, sai da kiwo. Ka bar shi damina uku ba yaɓe, ya fara zaizaya daga sama. Ka bar ruwa ya kwanta a gindinsa, ya fara ruɓewa daga ƙasa. Waɗannan biyun su ne ajalinsa, kai da ƙafa.

Yadda mahaifina ya koya mini: a haƙo ƙasa mai kyau, a jiƙa, a zuba ciyawa ko harawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana kwanaki tana ruɓa, a sake cuɗawa. Sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya ya bushe sarai. A wajen jerawa gindin ne ƙasa, tsinin sama, a cike tsakani da kwaɓi. Bango yana tashi yana sirancewa, shi ya sa yake ɗaukar nauyin kansa. Rufi kuwa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba. Idan ɗaki mai faɗi ake so sai a yi bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗaukar rufi, a haɗa irinsu a yi ɗaurin guga, wanda ba kowane magini yake iya shi ba. A ƙarshe a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa ke nan, ko a yi laso da katsin marina da gashin jima da dafara. Soron da aka yi wa laso mai kyau, aka gyara masa indararo, sai ya shekara da shekaru ruwa bai ratsa shi ba.

To badala ma haka take. Bayan an gama girbi ake fitowa gyaranta, kowane hakimi da jama'arsa da yankin da aka yanka masa. Da Turawa suka ci gari, yaƙi ya ƙare, ba wanda yake tsoron hari, sai wannan fitowar ta mutu. Daga ranar da aka daina ɗora mata ƙasa ta fara mutuwa, tun kafin a haifi kakannin wasunmu. Abin da kuka hau kuna yara, Baba, saura ne.

Dattijon_Mandawari:
@Magini_Ɗan_Gado Allah ya yi maka albarka, na ƙaru. Na yarda saura muka tarar. Amma sauran nan da muka tarar, idan mutum ya tsaya a bayansa ba ya ganin rufin gidajen cikin gari. Wannan sauran ba damina ce ta kwashe shi a shekara arba'in ba.

Bawan_Allah_Kn:
Zan faɗi abin da yake da nauyin faɗa. Ɗakin da aka haife ni a ciki, da ƙasar badala aka gina shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da jaki yake zuwa da asuba ya ɗebo. Ba shi kaɗai ba, duk layinmu haka aka yi. Ba su ɗauke shi ɓarna ba, a wurinsu ƙasa ce mai kyau wadda aka riga aka cuɗa, ga ta kusa, ga talauci. Da na girma na fahimci abin da aka yi, na daɗe ina jin ba daɗi. Don haka idan ana neman mai laifi, kada a tsallake mu talakawa a tafi kan manya kawai.

Uwar_Khalifa:
Allah ya jiƙan mahaifinka. Ba kowa ne zai iya fitowa ya faɗi haka ba.

Injiniya_Sule_B:
Ina girmama kowa a nan, amma bari in kawo ɗaya ɓangaren. Ƙofofin nan an yi su ne don raƙumi da jaki da mahayin doki, kuma da gangan aka ƙuntata su don kada mayaƙa su shigo da yawa lokaci guda. Yau miliyoyin mutane ne a Kano. Mace na naƙuda a cikin gari, motar asibiti ta maƙale a ƙofar da mota ɗaya ce take wucewa, me za ku ce wa mijinta? Tarihi? Lokacin da aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi an yi ta surutu, amma masu surutun su ne suke bin titin yau da safe da yamma. Gari mai rai dole ya motsa. Rumfa da kansa ai fasa tsohuwar ganuwa ya yi ya tura ta gaba.

'Yar_Yakasai:
Injiniya, ba wanda ya ce kada a yi titi. Tambayar ita ce, dole sai ta kan ƙofar? Tun da badalar gefe da gefe ta riga ta faɗi, me ya hana a bar tsohuwar ƙofa a tsakiya, titi ya bi ta dama da hagu? Ku ne masana, ku faɗa mana idan ba zai yiwu ba. Abin da aka gina da siminti a madadinta ƙofa ce, na yarda, amma ba ita ce wadda kakanninmu suka bi ba.

Injiniya_Sule_B:
@'Yar_Yakasai zai yiwu a wasu wuraren, gaskiya. Sai dai yana cin fili, kuma filin gidajen mutane ne, sai an biya diyya. Sannan ginin ƙasa a tsakiyar titi, ga girgizar manyan motoci, ga ruwan kwalta yana gangarowa gindinsa, idan ba a ware kuɗin kula da shi duk shekara ba, shekara goma ba zai yi ba. Ban ce an yi daidai ba. Na ce abin ba sauƙi ba ne kamar yadda ake faɗa.

Malam_Almajirin_Tarihi:
Gyara kaɗan, Injiniya. Rumfa ya ƙara ne, bai rage ba. Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi duk na zamaninsa ne, kuma ga su nan har yau ana amfani da su. Sannan a kan takarda ganuwar nan tana da kariya, tun 1959 aka sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa, kuma a 2007 aka shigar da ita jerin wuraren da Najeriya take neman UNESCO ta amince da su. Matsalar ita ce takarda ba ta hana mai tifa ɗiban ƙasa da dare.

'Yar_Fagge:
Ku 'yan cikin badala kun cika zauren da ganuwa, ku bari mu na waje mu sa baki. Ni abin da nake kewa dalar gyaɗa ce. Ina ƙarama mahaifina ya ɗora ni a kan keke muka je wajen Ƙofar Mazugal, na ga buhuna an jera su sun yi tsini kamar dutse, leburori suna hawa da buhu a ka kamar matakala aka yi musu. Ƙamshin wurin har yau yana hancina. Yanzu sai a hoto.

Tsohon_Ma'aikacin_Reluwe:
Hajiya kin tuna mini da aiki. Dalar nan ba don ado ake yinta ba, jiran jirgi take yi. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗi, manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye. Gyaɗar da ake kawowa a kaka ta fi ƙarfin taragon da ake da su, sai a tara ta a lulluɓe da tamfol har layi ya zo kanta a kai Legas. Dala ɗaya takan ci buhu wajen 15,000. Abin da ya kashe ta kuwa a gabanmu aka yi: farin farkon shekarun 1970, sai cutar da ta kama gyaɗa a 1975, sai kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma, kuma masana'antun mai na cikin gida suka riƙa shanye ɗan abin da ake nomawa. Ita wannan ba rushe ta aka yi ba, kwashe ta aka yi ba a sake tarawa ba.

Sadauki_04:
To ai wannan ba gini ba ne, Baba. Buhu ne.

'Yar_Fagge:
Buhu ne, amma da shi duniya ta san Kano. Kuma Dattijo cewa ya yi me muka gani wanda yanzu babu.

Kawu_Na_Sabon_Gari:
Idan haka ne a sa gidajen sinima a lissafi. Rex, Plaza, Orion, Eldorado, Wapa, Queens. Na san wasu za su ce gara da suka tafi, ba zan yi musu ba, amma suna cikin tarihin garin. Mahaifiyata takan ba mu labarin gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci sama da mutum 300, ta ce babu unguwar da ba a yi zaman makoki ba. Da aka buɗe Palace a cikin birni a 1952 kuwa, rigima aka yi sosai da malamai. Daga baya wurin ya koma asibiti. Yaran yanzu suna cewa "mu haɗu a Wapa" wajen canjin kuɗi, ba su san daga ina sunan ya fito ba.

Hajiya_Maman_Yara:
Kawu ka kawo magana mai muhimmanci, maganar suna. Ni na lura abin yakan tafi ya bar sunansa. Rijiyar Lemo, ina rijiyar, ina lemon? Rijiyar Zaki fa? Rijiya Biyu? Gandun Albasa, yau ko ganyen albasa ɗaya akwai? Durumin Iya, Rimin Kira, Kukar Bulukiya. Kowane ɗaya akwai abin da aka gani aka sa masa sunan. A unguwarmu akwai wata tsohuwar rijiya a ƙofar masallaci, bakinta duk ya yi zarara-zarara saboda gogar igiyar guga, sai ka sa yatsa a cikin gurbin ya shige. Kakata ta ce haka ta tarar da ita. Shekarun baya aka cike ta aka ɗora shago. Ba wanda ya ɗauki ko hotonta. Ita ba ta cikin littafin kowa, amma duk unguwar ita ta shayar.

Malam_Almajirin_Tarihi:
Hajiya wannan gaskiya ne, sunayen unguwanni su ne littafin da ba a iya rushewa da katafila. Misali Dandalin Turawa. Da yawa sun ɗauka Turawan mulkin mallaka ake nufi, alhali Larabawan Arewacin Afirka ne, fataken Tarabulus da Ghadames, su ake kira Turawa a wancan lokacin. Alkantara kuma daga kalmar Larabci ce mai nufin gada. Zangon Barebari ya faɗi kansa. Wanda ya bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya zai zana taswirar kasuwancin Kano ta shekara ɗari biyar.

Matashi_Mai_Kishi:
Duk wannan tsohon zance ne. Shataletalen gidan gwamnati da aka gina a 2017 don cikar jihar shekara 50, aka rushe shi a watan Yunin 2023, shi ba tarihi ba ne? Me ya sa ba wanda ya ambace shi?

Mai_Kula_Da_Zaure:
An ambata yanzu, kuma ya shiga lissafi. Amma don Allah kada a mayar da zancen na jam'iyya. Duk wanda ya fara zagi zan goge. A ci gaba.

Bazazzagi_Na_Ƙofar_Doka:
Ku yi haƙuri in shigo, ciwon ba na Kano kaɗai ba ne. Babban masallacin Juma'a na Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim. Duk wanda ya shiga ya ɗaga kai ya ga bakan gizon nan da ginshiƙan, ya san Bahaushe ya iya gini. Masana gine-gine daga ƙasashen waje suke zuwa kallonsa. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na siminti, aka bar wani sashe na tsohon a ciki. A watan Agustan 2023, ranar Juma'a ana sallar la'asar, wani ɓangare ya rufto a kan masallata, aka rasa rayuka. Na san wanda yake cikin sahu a ranar, Allah ya yi da sauran kwanansa. Tun daga lokacin na kasa tsayawa a gefe ɗaya. Ina son tsohon gini, amma na ga abin da yake yi idan ya gaji.

Uwar_Khalifa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu.

Injiniya_Sule_B:
Amin. Abin da nake nufi ke nan tun ɗazu. Rai ya fi bango.

Magini_Ɗan_Gado:
Amin ya Allah. Rai ya fi bango, babu musu. Ban duba wancan masallacin ba, don haka ba zan ce ga abin da ya kayar da shi ba. Amma zan faɗi abin da na gani da hannuna a gidajen mutane. Mai gida ya gaji da yaɓe duk shekara, sai ya ce a shafe masa bangon ƙasa da siminti. Shekara biyu abin gwanin kyau. To ƙasa tana numfashi, tana shan laima tana fitarwa. Siminti ya toshe ta. Ya ɗan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ba hanyar fita. Daga waje kana ganin bango lafiya lau, ciki kuwa ya zama kunu. Bangon ƙasa tsirara yana yi maka gargaɗi, kana ganin inda ya zaizaye ka gyara. Wanda aka rufe da siminti ba ya gargaɗi, rana ɗaya yake zubowa. Na sha faɗa wa masu gida, kaɗan ne suke ji.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu ma a daminar 2024, cikin watan Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe bayan ruwa mai yawa. Ginin tsakiyar ƙarni na 19 ne. Mutane sun tsaya suna kallo suna kuka. Garun da Sarki Tanimun ya kewaye birni da shi ma saura kaɗan ya rage. Amma ku dubi Agadas. Hasumiyar masallacinta ta ƙasa ce, tsayinta mita 27, asalinta tun farkon ƙarni na 16, kuma tana nan tsaye, har UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Itatuwan da kuke gani sun fito daga jikinta, su ne matakan da magina suke takawa idan za a yi yaɓe. Wato tun ranar gini an yi shirin gyara. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, duk shekara gari gaba ɗaya ne yake fitowa yaɓen masallaci, maza na kwaɓi, mata na kawo ruwa, rana ɗaya an gama.

Injiniya_Sule_B:
Agadas hamada ce ɗan'uwa, ruwan da yake sauka a can bai kai rabin na Kano ba.

Ɗan_Damagaram:
Haka ne. Amma Jenne a bakin kogi take, ruwa yana kewaye ta duk shekara.

BaKatsine_77:
Mu dai a Katsina alhamdulillahi hasumiyar Gobarau tana nan, ana danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, kuma ana hawa har yau. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda su Tafawa Ɓalewa da Sardauna suka yi karatu, ita ma ginin ƙasa ce, an mayar da ita gidan tarihi. Amma kada in yi alfahari da yawa. Ganuwarmu ta tafi kamar taku, ƙofofin su Ƙaura da Ƙwaya da Marusa yawanci sabon gini ne. Abin da na lura, ginin da aka ba wa aiki shi yake rayuwa. Wanda aka bari don kallo kawai shi yake faɗuwa.

Ustaz_Abu_Hafsa:
Jama'a a yi hattara kada son gini ya wuce gona da iri. Duniya ba matabbata ba ce. Ina Alƙalawa? Ina Ngazargamu? Ina Surame ta Kanta? Manyan birane ne, yau kufai ne. Har babban masallacin Kano na ƙasa, mai doguwar hasumiya, an sauke shi aka gina na yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, kuma malamai na nan ba su hana ba, domin jama'a ta yi yawa.

Dattijon_Mandawari:
Allah ya gafarta Malam, ba mu ce a bauta wa ƙasa ba. Amma kai ma da ka ce ina Surame, ai don kufanta yana nan ne ka iya kafa hujja da ita. Wanda ya je ya ga ganuwar duwatsun nan a daji ba mai ko tari, wa'azin da zai ji ya fi na baki. Idan an share komai, da me za a yi wa na baya ishara?

Ustaz_Abu_Hafsa:
Wannan kuma magana ce, Baba. Na karɓa.

'Yar_Yakasai:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kududdufai. Dattijo ya ambace su a farko aka wuce. Ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne, ciki har da ta badala, sai suka zama matattarar ruwan damina. Na san suna da sauro da wari, kuma sun ci yara, ƙanin ƙawata a kududdufi ya rasu. Amma da aka bi su ana cikewa da shara ana yanka filaye, ba a yi wa ruwan wata hanya ba. Yanzu ruwan awa biyu sai ya shigo mana tsakar gida. Ruwa bai manta gidansa ba.

Injiniya_Sule_B:
A nan kam ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Cike kududdufi ba tare da magudanar da za ta ɗauki ruwansa ba kuskure ne, ko a wane littafin aiki.

Sadauki_04:
To yanzu me za a yi? Ni shekarata 21, ban taɓa ganin badalar da kuke faɗa ba. Ko ta inda Turawa suka shigo ban sani ba sai yau nake son tambaya.

Bakano_Na_Asali:
Ta Kabuga, a farkon Fabrairun 1903, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Ka je gidan tarihi na Gidan Makama, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofi da hotunan da. Ka hau Dala da safe ka dubi garin, ka sa wani babba ya nuna maka inda ganuwa ta bi. Sannan ka leƙa marinar Ƙofar Mata tun ana samun masu rini a bakin karofi, don ramukan da aka daina amfani da su sun fi waɗanda suke aiki.

Hajiya_Maman_Yara:
Kuma ka zauna da tsofaffin gidanku ka ɗauki muryarsu a waya. Ni na yi sakaci, kakata ta tafi da labarin rijiyar nan, wanda ya haƙa ta da shekarar da ta taɓa ƙafewa, duk ta faɗa mini ban riƙe ba.

Bawan_Allah_Kn:
@Magini_Ɗan_Gado tambaya nake da ita. Idan mutanen unguwa suka haɗu suka ce za su gyara ɗan guntun da ya rage a wajensu, ko taku ashirin ne, akwai maginan da suka iya har yanzu? Ni zan fito, kuma zan kawo 'ya'yana. Akwai bashin ƙasa a kanmu.

Magini_Ɗan_Gado:
Akwai, amma sun manyanta, kuma yaransu sun koma bulo kamar ni. A cikin waɗanda na sani, masu iya ɗaurin guga ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Gyaran badala bai kai wannan wuya ba, tubali ne da yaɓe, zan iya nuna wa matasa a sati guda. Sai dai biyu: ba a taɓa ta sai da izinin hukumar da take kula da kayan tarihi da sanin mai unguwa, kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne. Idan za a yi bana a bari baɗi, gara kada a fara. Lokacinsa kuma bayan ɗaukewar ruwa ne, tubali ya samu rana.

Dattijon_Mandawari:
Na gode muku duka. Na karanta wa jikan nawa abin da Malam da Magini suka rubuta, ya cika shafi biyu. Har yanzu ina kan bakana cewa hannunmu ya fi na damina yawa a ciki, ko da yake Injiniya ya sa na rage murya a kan maganar ƙofofi. Yaron ya ce in tambaye ku ko akwai mai hoton Ƙofar Na'isa kafin 2010, yana so ya manna a littafin.

'Yar_Yakasai:
Ina jin akwai a cikin hotunan bikin yayata, an ɗauki motocin kai amarya suna fitowa ta ƙofar. Bari in je gida ranar Juma'a in duba akwatin Umma.

Kawu_Na_Sabon_Gari:
Idan kin samu ki sa mana a nan. Ni ma zan nemo na tashar jirgi. @Hajiya_Maman_Yara rijiyar nan taku, a wace unguwa take? Kamar na taɓa shan ruwanta.